Zanin da Aka Kwance a Kasuwar Tsafe

A tashar Tsafe akwai wata mai kunun gyaɗa da ƙosai da direbobi ke kira Mama Naomi. Doguwa ce, siririya, fara'arta ba ta da yawa, amma kununta ba ya tsinkewa, kofunanta kuwa ko a asibiti sai haka. Kwandastan da ya fi kowa bakin tsiya, in ya iso gaban teburinta sai ya gyara harshe, don ta sha karɓe kofinta daga hannun ƙato saboda ashar guda ɗaya. Kirista ce, kowa ya sani, ita ma ba ta bari a manta ba.

A ƙasar Zuru aka haife ta, gidan masu bi, wato Kiristoci. Uwarta mace ce mai zafin hannu, wadda ta yi imani cewa aya ba ta zama a kan yaro sai da tsumagiya. Naomi ta haddace ayoyi tun ba ta iya ɗaura zani sosai ba. Abin da ta fito da shi daga gidansu bai wuce wannan ba: Allah yana kallo, kuma ba ya son karkataccen abu. Ba ƙarya aka gaya mata ba, sai dai rabin magana aka ba ta, ta riƙe shi ƙam kamar shi ne dukanta.

Aure ya kawo ta Gusau. Mijinta Ezekiel ma'aikacin masaƙa ne, mutum mai sanyin hali da yawan dariya, irin waɗanda yaran unguwa ke bi a baya. In ta fara sababi a kan maƙwabciyar da ta yi wanki ranar Lahadi, sai ya kishingiɗa ya ce, "Naomi, ki rage wa Allah wani aikin mana, kin kwashe duka." Ita kuwa amsarta ɗaya ce kullum: "Ana kallonmu." Kiristoci ba su da yawa a garin, don haka a ganinta duk ɗankwalin da ya karkace, duk yaron da ya fita da majina, sunan Yesu ne ake ja a ƙasa.

A Gusau ta shiga Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, a can kuma aka ɗaura mata zanin da wannan labari ke kansa. Zanin zumunta ba a tsintarsa a kasuwa. Sai mace ta yi baftisma, ta daɗe tana koyo, ta tsaya gaban jama'a ta ɗauki alkawari, sannan Uwar Zumunta, wato shugabarsu, ta ɗaura mata shi da hannunta. Nasu shuɗi ne mai ratsin fari, da hoton fitila, da sunan ikilisiya rubuce a kewaye. Da shi ake zuwa taron Alhamis, da shi ake gaida mai jego. Babban aikinsa kuwa sai ranar ƙarshe. In 'yar zumunta ta mutu, mata za su fito kwansu da kwarkwatarsu cikin shuɗi, su wanke ta, su shimfiɗa zaninta a kan akwati, su raka ta da waƙa da kiɗan tulu har bakin kabari.

Da masaƙa ta mutu, sai suka koma Kwatarkwashi ta ƙasar Bunguɗu, inda Ezekiel ya sami gadi da 'yar gonar aro a gindin duwatsu. A can masu bi ba su cika tabarma biyu ba, a ɗakin wani malamin makaranta suke sujada. A can ta binne 'ya'ya biyu, ba waƙa ba tulu, ita da mijinta da malamin nan. Wannan shirun ya zauna mata a ƙirji bai taɓa tashi ba. Ɗa guda ya rage mata, Ishaya, shi ma da ya yi ƙarfi ya tafi Fatakwal neman abinci, sai murya a waya jefi-jefi.

Daga baya suka sauko Tsafe, ta kafa teburin kunu, a nan kuma Ezekiel ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Hanya ba ta da kyau a lokacin, ko mutum ɗaya daga dangi bai iso ba. Matan zumunta ne suka cika gidan. Su suka yi girki, su suka share tsakar gida, su suka riƙe ta a maƙabarta. Ranar ta gaya wa kanta cewa waɗannan su ne danginta, kuma in tata ta zo, ba za a kai ta shiru kamar 'ya'yanta ba. Duk wanda bai gane wannan ba, ba zai gane sauran labarin ba.

Sai ta sāka musu da abin da ta fi iyawa, wato tsaron doka. Aka ba ta aikin lura da tsari. Ranar Alhamis tana bakin ƙofa, idonta a kan ɗaurin kowa. Wadda zaninta ya yamutse, ta koma gida. Wadda ta makara, ta tsaya a waje har a gama addu'a. A bayan idonta mata suna kiranta 'yar sandan zumunta, ta kuma sani, har wani daɗi sunan yake mata.

A wannan zamani ne abin Deborah ya faru. Deborah matar wani bakanike ce, gajera, mai ƙiba, bakinta kamar reza. Wata rana da damina ɗanta ya shiga zazzaɓi har yana sanƙarewa, zannuwanta duk suna kan igiya a jiƙe, ta fizgo na zumunta ta goya shi ta ruga kemis. Mama Naomi ta gan ta. Ba ta tambayi jikin yaron ba. Abin da ta gani shi ne fitilar zumunta a ƙarƙashin ɗuwawun jariri. Ta kai magana gaban taro, aka ce Deborah ta tashi ta nemi gafara. Deborah ta tashi, amma abin da ta ce shi ne, "In ya sake sanƙarewa gobe, da shi zan sake goya shi." Aka sa ta horo.

Horo a wannan ikilisiya yana da wurin zama. Benci ne na can baya, kusa da ƙofa, inda rana ke shigowa, inda awakin maƙwabta ke leƙe. Wanda ke kai ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, ba ya sa zanin zumunta, ba a ba shi waƙa ko addu'a a gaba. Yana nan har ranar da ya tashi ya ce ya tuba. Deborah ba ta tashi ba. Mama Naomi kuwa, don kada a sake, ta kawo shawara aka mayar doka: zanin zumunta ba goyo, ba aro, ba ya taɓa jikin wadda ba ta ɗauki alkawari ba. Mata suka yi tafi. Bayan wasu shekaru uwar Deborah ta rasu a gidanta, aka tambaya ko zumunta za ta fita. Mama Naomi na cikin waɗanda suka ce doka doka ce. Mutanen bencin baya ne suka je, su da bakanikai.

Haka ta zauna shekara da shekaru, tana ganin ta yi nisa cikin bin Ubangiji. Azumi tana yi, baiko, wato sadakar majami'a, tana bayarwa, Maganar Allah na bakinta. In da an tambaye ta me ke gina mai bi, da ta lissafa su tiryan-tiryan ba ta yi tuntuɓe ba. Ba ta san akwai wani darasi da ke jiranta a tasha ba.

Wata Alhamis ce da damina, rana ta ɗan ɗaga. Mama Naomi na kwashe ƙosan ƙarshe, zanin zumunta na cikin jakarta a goge, don daga tasha za ta zarce taro. Sai ga ayarin mata da yara sun ɓullo ta hanyar 'Yankuzo, a ƙafa, jiƙe sharkaf. 'Yan bindiga ne suka faɗa wa ƙauyensu, suka yanko ta daji. Mutanen tasha sun saba ganin irin wannan, abin takaici, har sun san yadda ake yi: wannan ya miƙa ruwa, wancan ya miƙa burodi. Amma a ƙarshen ayarin akwai wata matashiya da ta sa maza duk suka juya fuska. Ƙaya ta yayyaga zaninta, ɗan abin da ya rage ta naɗe jaririyarta da shi, ita kuma sai riga da guntun fatari wanda bai kai gwiwa ba. Tana tafe tana duƙawa, tana neman inda za ta ɓoye kanta a fili.

Mama Naomi ba ta yi addu'a ba, ba ta tuna aya ba, ba ta ma yi tunani ba. Hannunta ya riga kanta. Ta zaro zanin, ta warware shi, ta kare yarinyar da jikinta, ta ɗaura mata da irin ɗaurin nan nata da ba ya karkata. Sannan ta zaunar da ita ta cika mata kofi.

"Yaya sunanki?"

"Dije, Inna. Allah shi rufa miki asiri yadda kinka rufa min."

Sai da Dije ta bi 'yan uwanta zuwa wani kango a bayan tasha, fitilar nan na rausaya a ƙugunta, sannan kan Mama Naomi ya iso inda hannunta ya riga shi. Ta zauna a kan kujerarta jagwab. Ranar ba ta je taro ba, karo na farko tun zuwanta garin, ta aika a ce ba ta jin daɗi, wanda kuma ba ƙarya ba ne.

Tsafe ba ta ɓoye magana. Dije ta sami wani tsohon zani daga wajen masu taimako, sai ta mayar da shuɗin na goyo, don shi ne mai ƙarfi. Ta fara tallan itace, tana yawo lungu-lungu da sunan ikilisiya a bayanta. Ba ta yi boko ba, ita dai zane ta gani mai kyau. Ba a jima ba labari ya kai kunnen Uwar Zumunta, Mama Rifkatu, matar wani ma'aikacin gwamnati mai ritaya, mace mai taushin murya wadda ba ta taɓa ɗaga ta ba, don ba ta taɓa buƙata ba. Ta taka da kanta har tasha.

"Mama Naomi, ke fa? Ke da kika kawo dokar?"

"Tsirara take, Mama."

"Na ji, Allah ya ga zuciyarki. Amma kin san inda muke zaune. Gobe wani ya tashi ya ce muna bin 'yan gudun hijira da zani muna juya su, wa zai tsaya mana? Ki karɓo shi kafin Alhamis, a rufe maganar."

A yi wa Mama Rifkatu adalci, tsoronta ba na banza ba ne. Wanda ya zauna cikin 'yan tsiraru ya san yadda ƙaramar magana ke zama gobara. Mama Naomi ma ta ga haka, ta amsa. Ta sayi atamfa sabuwa, ta kai wa tela ya kalmashe bakin, da niyyar ta je kangon a asirce su yi musanya, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Hanya ce mai sauƙi, ko yaro ya san ita ce hanya. Sai dai tela ya gama, atamfa ta shiga jaka, ƙafar Mama Naomi ta yi nauyi. Kunya take ji. Yaya za ta dubi wadda ta yi mata wannan addu'a ta ce a dawo da kyauta? Yau ta ce gobe, gobe ta ce jibi.

Mama Rifkatu ba ta jira Alhamis ɗin da ita kanta ta yanka ba. Ranar kasuwa ta fito cefane da mata biyu na zumunta, suka yi kiciɓis da Dije a layin masu hatsi, inda maza suka fi yawa, da ɗaurin itace a kanta da jaririya a baya. Abin da ya biyo baya, Malam Arzika mai shayi ne ya kawo wa Mama Naomi. Teburinsa na jikin nata a tasha, sun daɗe suna maƙwabtaka, bai taɓa sa baki a sha'anin addininta ba sai ranar.

"Mama, yau mutanenki sun ba ni kunya," in ji shi, ko zama bai yi ba. "Sun tare yarinyar nan tsakiyar kasuwa, wai ta ba su zanensu. Tana ta rantsuwa ba sata ta yi ba, wata tsohuwa ta ba ta. Sunka ce sun sani, ta dai kwance. Ta aje itacen, ta sauke ɗiyar, ta kwance ta miƙa musu. Rigarta duk a yage ta baya. Ɗiya na kuka, mutane sun yi da'ira." Ya share fuska da hannu. "Mu da munka iya karatun boko, tun ranar farko mun ga abin da anka rubuta a jiki. Liman ma ya gani. Munka yi shiru, don sutura ce. Ashe masu abin ne ba su iya yin shiru."

To, jama'a, ina amfanin wannan? Mata uku, manya, masu jikoki, waɗanda suka san nauyin goyo, suka san abin da ake ji in maza sun kewaye mace. Sun tsorata kada gari ya yi magana, sai suka tara garin da kansu suka ba shi abin faɗa. Ba wadda ta ce a koma gefe. Ba wadda ta cire mayafinta ta miƙa. Suka ninke zanin a gaban mai shi, suka sa a kwandon cefane tare da tattasai, suka tafi suna jin sun ceci sunan ikilisiya. Wallahi abin da ciwo, kuma abin da ya fi ciwo shi ne ba mugayen mata ba ne. Su ne dai waɗanda suka riƙe Naomi a maƙabarta.

Mama Naomi ta bar ƙosai a cikin mai, ta ɗauki jakarta ta nufi kangon. Ƙafar da ta yi kwanaki tana nauyi, yanzu har tana haɗawa da gudu. Ta sami Dije a zaune a kan bulo, jaririyar a cinya, an yanka buhun taki an yi mata majanyi. Ta durƙusa a gabanta, tsohuwa da ita, ta fito da atamfar.

"'Yata, ga wannan. Tun shekaranjiya yake jakata. Nawa ne na kaina, ba na kowa ba."

Dije ta dubi atamfar, ba ta miƙa hannu ba. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi, da ya fi sauƙi.

"Inna, ki yi haƙuri. Ke ba ki yi min komi ba sai alheri. Amma ranar da munka gudo, waɗanda sunka kore mu ba su taɓa zanena ba, ƙaya ta yage shi. Nan cikin gari anka kwance ni gaban maza. In na amshi wanga, gobe wa ka zuwa shi ce nashi na?"

Mama Naomi ta yi roƙo, ta yi rantsuwa irin wadda ba ta taɓa yarda wani ya yi a gaban teburinta ba. Dije na girgiza kai kawai tana jijjiga 'yarta. Daga ƙarshe ta tashi ta shige ciki. Bayan kwana kaɗan aka ce ta bi wata mota zuwa Gusau wajen dangin mijinta, Naomi ba ta sake ganinta ba.

Ranar Alhamis majami'a ta yi shuɗi. Mace ɗaya ce cikin kayan gida. Zanin na kan tebur a gaba, an wanke shi, an goge, har an yi masa addu'a, kamar shi ne aka wulaƙanta. Bayan waƙa Mama Rifkatu ta miƙe, murya a tausashe kamar kullum.

"Mun gode wa Ubangiji, abinmu ya dawo. Mama Naomi uwa ce a cikinmu, ba ma son dogon zance. Ki tashi ki ce kin yi kuskure, in ɗaura miki da hannuna, shi ke nan."

Sauƙin da aka yi mata ke nan, kuma da gaske sauƙi ne, ba a taɓa yi wa wata irinsa ba. Kalma uku ce. Mama Naomi ta tashi, ta dubi zanin. Ta san kowane zare nasa. Ta san inda ta ɗinke shi a gefe shekarar da Ezekiel ya rasu. Sau nawa ta kwanta tana hango shi a shimfiɗe a kan akwatinta, mata na waƙa, tulu na amsawa?

"Kafin in ce wani abu," in ji ta, "wa zai je ya ce wa yarinyar nan ya yi kuskure?"

Wata daga cikin matan ta ce ai ba maganar da ake yi ke nan ba.

"Ita nake yi ni."

"Mama Naomi," in ji Mama Rifkatu, "dokar nan ke kika kawo ta."

"Ni ce."

"To, ki yi wa kanki tunani. Shekaru sun ja. Ishaya na nesa, Zuru na nesa. Kin san abin da horo yake nufi in ranar ta zo, ba sai na faɗa ba."

Ba da mugunta ta faɗa ba, don ta taimaka ta faɗa, ta kuma taɓa daidai inda ke ciwo. Mama Naomi ta dafa benci. Ta ga duwatsun Kwatarkwashi, da ƙananan ramuka biyu, da shirun nan. Tsoro ya kama ta sosai, kada wani ya ce bai kama ta ba. Amma duk sa'ad da ta buɗe baki za ta faɗi kalmomin, sai buhun taki ya tsaya mata a ido.

"Na rufa wa mace asiri," ta ce a hankali. "In na tsaya a ɗakin Ubangiji na kira wannan kuskure, na yi masa ƙarya a gidansa. Zanin da aka kwance daga bayan jaririya kuwa, ba zai ɗauru a ƙuguna ba. Ku ajiye abinku."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Wasu sun yi hawaye, an ce har Mama Rifkatu. Amma ba wadda ta biyo ta, kuma da aka kai magana gaban dattawan ikilisiya, suka ce sha'anin mata ne, dokarsu ce, ba za su rushe musu tsari ba. Dattawa ke nan, da furfurarsu.

Ranar Lahadi aka sanar. Mama Naomi na zaune a bencin gaba, inda ta saba zama tun zuwanta Tsafe, har katakon ya san ta. Da aka kira sunanta ta miƙe, ta juya, ta kama hanyar baya. Majami'ar ƙarama ce, amma ba ta taɓa sanin tana da tsawo haka ba. Mata na sunkuyar da kai tana wucewa. Ita da ta aika mutane da dama wannan tafiya, ba ta taɓa tambayar yadda ƙafa ke yi a cikinta ba.

Bencin baya a cike yake. Akwai wani tsoho da kwalba ta fi ƙarfinsa, da wata da ta haihu ba aure, da wasu da ita kanta ta manta laifinsu. A bakin benci kuwa, ta ƙara ƙiba, furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali, ga Deborah. Mama Naomi ta tsaya. Ba wuri, ba ta kuma da bakin da za ta ce a matsa mata. In Deborah ta bar ta a tsaye har a tashi, ba wanda zai ga laifinta.

Deborah ta dube ta tun daga ɗankwali har silifa, ba gaggawa.

"Ɗaurinki ya karkace, Mama," ta ce.

Sannan ta tura tsohon da gwiwar hannu, ta ja jikinta, ta buɗe wuri. Mama Naomi ta zauna a takure, rabin jikinta a rana. A gaba aka fara raba jibin Ubangiji, tire na bin layi-layi, ya zo benci na kusa da nasu ya juya. Nan ne kuka ya ƙwace mata. Ta sa bakin mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na girgiza.

"Deborah," ta ce cikin raɗa, "ranar da uwarki ta rasu..."

"Na sani, ina wurin. Ke ce ba kya nan."

"Ba ni da kowa a garin nan. In na mutu yanzu, haka za a kai ni shiru."

Deborah ta ja tsaki, har na gabansu ya waiwayo. Ta kama gefen ɗankwalin Mama Naomi ta gyara mata shi da ƙarfi, kamar mai yi wa yarinya shirin makaranta.

"Shiru a ina? Kin taɓa jin muryata kuwa? Tulu ne ba mu da shi, da bokiti muke yi. Share idonki, Mama. Mu nan baya ma muna binne mutanenmu."